Malam Lauwali da Ranar Binne

Shekara arba'in da ɗaya Malam Lauwali yana faɗa wa mutanen Dakko ranar da za su yi binne, wato su zuba iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa. Ba boka ba ne, kada wani ya ɗauki alhakinsa. Lissafin taurari ne ya gada wajen mahaifinsa: tauraro kaza ya kama, saura kwana kaza, a fita gona. A da maganarsa ba ta faɗuwa ƙasa banza.

To amma damina uku ke nan a jere yana cewa a binne, yayyafi ya sauko, hatsi ya tsiro, sai ruwa ya ɗauke kwana ashirin, tsiron ya ƙone. Mutane su ce haka Allah Ya so, shi ma ya ce haka ne, ya shiga gida tuwo ya ƙi wuce masa. Bana kuwa irin da ya rage a garin na shuka ɗaya ne tak. Wallahi tsohon nan ya gaji.

Ana haka ɗiyarsa Nusaiba ta zo hutu daga jami'a, duk ta rame. Ita ma taurari take karanta, amma na nesa, waɗanda ko ɗigon ruwa ba su kawo wa kowa. Da hantsi ta kawo masa kunu a zaure, ya tambaye ta abin da ke cin ta.

"Baba, aikin shekara biyu ne ya tashi a banza. An koya muna gungun taurarin farko ƙanana ne, sannu a hankali suka girma. A kan haka na ɗora rubutuna. Sai sabon madubin hangen nesa ya ɗauko hoto, ga wasunsu nan ɓul-ɓul da haske tun da wuri."

"Ikon Allah. To malaminku mi ya ce?"

"Ya tashi gaban taro da furfurarshi, ya ce abin da ya koyar shekara talatin yana son gyara."

"Suka yi mashi ihu ke nan."

"Wasu sun tafa. Wasu kuma sun daina gayyatarshi."

Malam Lauwali ya daɗe yana juya ludayi, har kunun ya huce.

Ranar Juma'a bayan an sauko, manoma suka cika zauren kamar yadda aka saba. Aka gaisa, aka tambayi gida da gajiya da zafi. Sannan Mukhtar, mai ciyar da baki goma sha ɗaya a gidansa, ya ce, "Malam, yaushe za mu binne?"

Amsar tana kan harshensa: jibi. Haka lissafi ya ba da, kuma in ya faɗa ba mai musu. In ma ya ƙone, ai Allah za a ce. Ya dubi faso a ƙafar Mukhtar, ya ji kunya ta rufe shi.

"Ban sani ba," in ji shi. "Lissafin nan ya daina dacewa da ruwan yanzu. Damina ukun nan ni na kuskure. Ku riƙe irinku sai ƙasa ta jiƙa sosai."

Tafi? Ina! Nan ba jami'a ba ce.

"Malam, tun bara ka san haka?" in ji Mukhtar.

"Na sani."

Mukhtar ya sa takalminsa, sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, sallama ma a ciki-ciki.

Kwana huɗu bayan haka aka yi yayyafi, ya ɗauke har sati uku. Irin Dakko yana cikin rumbu, ko ƙwaya ba ta ƙone ba. Amma ɗan Adam! Ba wanda ya taka ya zo ya ce masa sannu.

Har yau duk Juma'a Malam Lauwali yakan shimfiɗa babbar tabarmarsa mai ɗaukar mutum ashirin a zaure. Ya zauna a gefenta shi kaɗai, da la'asar ya naɗe abarsa.