Kwamfutar da na zaɓa da hannu

Ni duk abin da zan saya, da hannu nake gwada shi. Turmi in ƙwanƙwasa, kifi in ɗaga in ji nauyinsa. Haka na tashi a Wara, haka na tsufa.

Da jikanyata ta samu makarantar zanen gine-gine, aka ce sai da kwamfuta. Na sayar da kwalekwalen marigayi mijina, na tafi Yelwa ban gaya mata ba. Mai shago ya jera mini uku. Na ɗaga kowace, na zaɓi wadda ta fi nauyi.

Da na kawo, yarinyar ta kunna, ta buɗe wurin da ke faɗin abin da ke cikinta. Ta daɗe tana karantawa.

"Kaka, ƙwaƙwalwarta ƙarama ce, injinta tsohon yayi. Ba za ta ɗauki aikinmu ba."

"Ke, ɗaga ki ji! Ƙarfe ne zalla."

"Nauyin nan ai tsufa ne, Kaka."

Na mayar da ita, mai shago ya ƙi karɓa. Aka buɗe makaranta babu yarinyar. Kwalekwalen kuwa, kullum da hantsi yana wucewa ta bakin ruwanmu, wani na tuƙa shi.