Ortansa da Kwamfutar Uban Aurenta

Duk garin Falticeni an san Ortansa, matar da ko ƙwai ta saya sai ta tambayi sunan kazar da ta saka shi. An ce ranar aurenta sai da ta ciji zoben a gaban limamin coci, wai ko jabu ne. Ita ke kula da kwamfutocin ƙungiyar manoman tuffa.

Ta ƙera wasu 'yan manhajoji da take kira 'yan aike. Tuffa na nuna, ɗan aike zai bar kwamfutarta, ya sauka a ta wannan ɗakin sanyi, ya wuce ta wancan, yana tambayar wa ke da wurin ajiya, ya dawo da amsa. To amma baƙo ne a gidan mutane, mai gida na iya lalube masa aljihu ya canza masa magana. Shi ya sa take auna kowace kwamfuta. Wadda ta sallami ɗan aike lafiya, amanarta ta hau. Wadda ta taɓa shi, ta sauka, har a daina bi ta ƙofarta.

Kakar bara sai 'yan aike suka riƙa dawowa da waƙa ɗaya: ko'ina ya cika sai wurin Gavril, wani mai ɗakin sanyi. Motoci suka yi cincirindo a ƙofarsa, tuffar wata tsohuwa Zamfira ta ruɓe a layi, ga ɗakunan maƙwabta wayam. Ortansa ta canza wa 'yan aike hanya. Duk wanda bai bi ta Gavril ba ya dawo da gaskiya. Amanar kwamfutarsa ta faɗi ƙasa, ta wuce ƙasa, ta shige rijiya.

Ga inda take: Gavril ne nashu, wato uban aurensu, wanda bisa al'ada shi zai riƙe ɗansu na fari ranar baftisma. Ga ta da ciki ya kai wuya.

Ranar Lahadi suka kai masa burodin gaisuwa ita da mijinta Tudorel, wanda ke tsoron Gavril kamar aradu.

"'Yata, injinki ya zage ni," in ji Gavril. "Ki danna wani abu ya daina."

"Baba Nashu, ba ni da wurin dannawa. Ka daina sa wa yarana hannu a aljihu, da kanta za ta hau."

"Yaranki! Abin da ko ƙafa ba shi da ita? To wannan na cikin, nemo mai riƙe shi."

Tudorel ya ƙware da miya. "Ortansa, don girman Allah, danna kawai!"

"Kai sha miyarka." Ta dafa tebur ta miƙe da ƙyar. "Mutumin da ba zan ba shi amanar ɗan aike ba, shi zan miƙa wa jariri? A gefen kwamin ruwan baftisma?"

Ta ɗauke burodinta ta fita. Surukarta ta yi kukan da har agwagin unguwa suka samu wurin wanka.

An haifi yarinya. Ranar baftisma kujerar Gavril babu kowa. Zamfira mai ruɓaɓɓiyar tuffa ce ta riƙe jaririyar, baki har kunne.

Har yau Ortansa kan tura wa kwamfutar Gavril ɗan aike na gwaji, aljihunsa cike da ƙarya, ta ga ko zai taɓa. Kwanan nan ya daina. Amanarsa ta ɗan motsa, kamar tsawon ƙumba. Ya aiko Tudorel ya tambaya yaushe za ta cika.

"Ka ce masa ya dage," in ji ta tana goya 'yarta. "Wataƙila ya samu riƙon na biyu."