Ki Ce Tubarkalla

Barakatu mai waina ta tsufa a bakin kasuwar Maska, gefen masu awon masara. Da tandarta ta ciyar da 'ya'ya huɗu bayan mutuwar mijinta, kuma ba ta taɓa roƙon kowa ko gishiri ba. Ba ta da fara'a, amma wainarta na da laushi, shi ya sa ake haƙuri da fuskarta.

Wata damina zazzaɓi ya kwantar da ita, ta yi ta haɗiyar kafso daga kyamis ba ƙa'ida. Ta warke, sai dai harshenta ya yi baƙi ƙirin, har da wani abu kamar gashi a bayansa. Ba ya ciwo, don haka ta ci gaba da suyarta.

Ranar wata kasuwa Alhaji Labo, dillalin hatsi, ya wuce da bijimin nomansa. Barakatu ta ce, "Kai, Alhaji, wannan sa ya ƙoshi!" ta yi dariya, ya hango harshen. Kafin sati san ya kumbura ya mutu. Kowa ya san ɗanyar dawa ya shiga ya ci, amma Alhaji ya tsaya tsakiyar kasuwa yana cewa matar nan kambun baka gare ta, duk abin da ta yaba sai ya lalace, wanda bai yarda ba ya leƙa bakinta.

Aka leƙa. Daga ranar waina ta riƙa kwana a kwano. Mata na janye yaransu idan ta doso.

'Yarta Mansura ta kai ta asibiti a Funtua. Nas ta haska bakin ta ce, "Inna, kafson nan ne da rashin goge harshe. Ki daina sha, ki riƙa kankarewa da buroshi safe da yamma." Haka aka yi, harshe ya koma ja kamar na jariri.

Mansura ta ce, "To sai mu je ki nuna wa mutane."

"Ba yanzu ba. Samo min ɗinya."

Ɗinya kuwa in ka tsotsa sai ta rina baki. Barakatu ta cika bakinta da ita, ta yafa gyale, ta nufi rumbunan Alhaji Labo.

"Sannu da hutawa, Alhaji. Oh, wannan masara ta yi kyau! Ba ƙwaro ko ɗaya."

Alhaji ya miƙe zumbur. "Barakatu, ki ce tubarkalla."

Kalmar da ke kashe dafin yabo ke nan. Ta buɗe baki ta yi masa hamma, ta juya.

Washegari ta yaba sabon babur ɗinsa. Ta yaba shanun da suka rage, ɗaya bayan ɗaya, da sunayensu. Da ya fito masallaci ta ce, "Alhaji, jikin nan naka sai ƙara kyau yake, wuya har ya yi ninki." Bai ci tuwo ba ranar. Ya daina hawa babur, ya kwashe masarar ya sayar tun farashi bai tashi ba, ya rame har hula na juyawa a kansa.

Ya aiko mata da buhun shinkafa, ta mayar. Da ya zo da kansa ya durƙusa a zaure yana cewa, "Yaya Barakatu, don girman Allah," sai ta ce, "A kasuwa ka ɓata ni. Can za ka same ni."

Ranar kasuwa ya zauna a bencinta, mutane sun yi da'ira. Ta zuba masa waina da miyar taushe. Ya ci, sannan ya fara magana ƙasa-ƙasa.

Ta ce, "Ɗaga murya, masu awo ba su ji ba."

"Jama'a, dawa ce ta kashe min sa. Ƙarya na yi wa baiwar Allah nan."

Ta kurkure baki, ta zaro harshe ja wur ta nuna wa kowa. Aka fashe da dariya, wata mata ta miƙo kwano. Alhaji ya matso yana raɗa, "To ki ce min tubarkalla mana, ko hankalina ya kwanta."

Barakatu ta juya waina a tanda. "Shanun dai, tubarkalla. Su ba su yi min komai ba."

Har yau tana nan tana suya, kuma har yau bai samu nasa ba.