Kande Dillaliya da Kwandalar da Ba a Taɓawa

Duk wadda ta taɓa aurar da 'ya a Sule Tankarkar ta san Kande dillaliya. Da ƙullin atamfofi ta fara yawo gida-gida, daga baya ta koma harkar gwal. Gajeriya ce, ga baki, ga taurin kai kamar jakin da ya ƙi hanya. Amma ba a taɓa jin ta ci amanar kowa ba, kuma da wannan sunan take ci take sha.

Akwai wani falken shanu a garin, Alhaji Ubale, mai tara tsofaffin kuɗi: ahu, sisi, kwabo mai huji, dalar azurfa. Da ya rasu aka raba gado, shanun huɗa suka tafi wajen 'ya'ya. Matarsa Rahamatu ta tashi da gona da kwandala ɗaya ta zinariya, bugun Ingila, mai kan sarauniya, a rufe cikin 'yar roba garai-garai. Sai ta aika a kira Kande.

"Yaya Kande," in ji Rahamatu, "Alhaji ya ce kaɗan aka buga irin wannan, don masu tarawa. Ya ce ranar da aka goge ta ko aka karce ta, ta koma gwal kawai, kuɗin nauyinta za a biya. Shanun huɗa nake so kafin ruwa ya sauka."

"To, ba mai buɗe ta," in ji Kande. Ta ƙulle ta a bakin zane.

Nan fa ake yin ta. A kasuwar gwal ba a sayen abu sai an goga shi a baƙin dutse an ɗiga masa ruwan gwaji. A Gumel, Ilu mai shagon gwal ya juya robar, ya miƙa hannu ga dutsensa.

"Ajiye dutsen nan, Malam Ilu."

"Haba Hajiya! In saya ban gwada ba?"

"Ka gwada da ido."

Ya yi dariya har da buga kantar shagon. Bai saya ba, hoton kwandalar kawai ya ɗauka da waya. Ranar kasuwar Maigatari wani mutumin Damagaram ya nemi ya sa wa kwandalar haƙori, Kande ta fizge kayanta tana salati. Ta hau acaɓa har Gagarawa Tasha wajen wani attajiri, shi ma zancen ke nan. Kafin a ce me, magana ta zaga gari cewa Kande na yawo da jabu, shi ya sa take tsoron dutse. Matan da ke ba ta sarƙa ba ko shaida suka fara cewa sun fasa sayarwa. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, amma ba ta buɗe robar ba.

Ruwan farko ya sauka. Rahamatu ta zo da hawaye.

"Yaya, a buɗe kawai. Abin da aka bayar, Allah ya sa albarka."

"Wallahi ba da hannuna ba. Je ki gida."

Washegari Kande ta koma Gumel, ta cire 'yan kunnen da ta gada wajen mahaifiyarta, ta ajiye a ma'aunin Ilu. Waɗannan kam ta bari aka goga su a dutse. Da kuɗin aka ɗauki hayar masu huɗa, aka shuka geron Rahamatu.

Gero ya kai gwiwa sai Ilu ya bugo waya. Ashe hoton ya bi hannu har Kano, ya isa ga wani Alhaji Abdurra'uf mai sayen irin waɗannan kwandaloli. A shagon Ilu aka haɗu. Baƙon ya zaro farar safar hannu ya sa kafin ma ya karɓi robar, ya daɗe yana duba ta da gilashi.

"Ba a taɓa buɗe ta ba?"

"Sai dai bayan raina," in ji Kande.

Ya yi tayi, ta ce albarka. Ya ƙara, ta ƙara cewa albarka, har sai da ya ninka kuɗin nauyin sau uku. Ta kira Rahamatu a waya, aka sallama, kuɗin suka faɗa asusun mai kaya. Shanu biyu sun samu, har da garma.

Da baƙon ya tafi, Kande ta juya ga Ilu da la'adarta.

"Miƙo min 'yan kunnen Innata."

Ilu ya sunkuyar da kai. "Hajiya, ai ba ki ce in ajiye ba. Tun makon da kika kawo su maƙeri ya narkar."

 Kande ta kai hannu ta shafa kunnenta, sannan ta jawo mayafi ta rufe, ta fita neman acaɓan Sule Tankarkar.