Yis a Jarkar Kunun Zaƙi

Jama'a, yau na shayar da Musulmi giya da hannuna a Kasuwar Daji!

Shekaranjiya kunun zaƙin da nake sayarwa ya yi kwantai. Rowa ta hana ni zubarwa. Na barbaɗa masa yis ɗin fanken matata wai ya farfaɗo, na jijjiga jarkar, na toshe.

Yau na buɗe, sai kumfa! Ni har da murna. Mutum uku suka sha kafin Baba Liman ya karɓi kofi. Ya sunsuna, ya ajiye.

"Garba, mi ka zuba? Wagga ai giya ta!"

Wani direba ya hau kakarin amai. "Ka cuce ni! Ko ɗanɗanawa ban taɓa yi ba!"

Astagfirullahi. Na tuntsurar da jarkar ina rantsuwa. Har na bar kasuwa, ba wanda ya amsa sallamata.