Neman Maganin Fuka daga Wurno zuwa Goronyo

Mun tashi da asuba daga Wurno, ni da ƙanena, da 'yata mai shekara huɗu bisa jaki. Fuka ta hana ta sakat tun tana goye. In ta taso mata, ƙirjinta kuka yake kamar 'yar kyanwa. An kwatanta mana wani mai magani a Rabah.

Hanyar duk yashi ce. Motar hukumar En'e ta wuce mu da fankama, can gaba muka wuce ta inda ta kafe. A Lahodu muka sayi furar ahu, wato ta kobo ɗaya da rabi, ƙanena ya shanye rabi da sunan ɗanɗanawa.

Da muka isa Rabah, mai maganin ya karɓi sule guda, ya ba mu ƙullin saiwoyi, ya ce a turara mata. Matar mai masaukinmu ta toshe taga da tsumma, ta lulluɓe yarinya da zane a kan kasko. Kafin la'asar tana kokawa da numfashi, leɓenta ya yi baƙi. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Amma da wautata na ce ai magani ne ke koro cuta.

Da ta lafa muka nufi Goronyo, wai akwai wanda ya fi shi. Kwana biyu muna tafe tsakanin gonakin gero, yarinya sai surutu take. A Kagara muka sauka gindin gawo, na fara hura garwashin turare, sai wata tsohuwa mai tallan nono ta tsaya kaina.

"Malam, mi za ka yi da wutag ga?"

Na gaya mata.

"Da kuna tahiya, ta yi tari?"

"A'a, Inna."

"To, mi kuka dahwawa gida?"

Nan take na tuno gida. Uwarta turara shinkafa take ta sayarwa, tukwane uku a bakin ɗaki, da damina ma cikin ɗakin, yarinya na gefenta cikin hayaƙi wuni zubur. Na rufe garwashin da ƙasa.

Goronyo dai mun shiga, amma albasa kawai muka saya muka juyo.

Da isowarmu gida na kafa rumfa can nesa da ɗaki, na mai da murahu can, uwarta tana mita. Fukar ba ta rabu da yarinya ba, amma yau kwana ashirin tana barcinta lafiya. Kunya nake ji har yanzu: na keta garuruwa ina neman abin da ke shaƙe 'yata, ashe ni nake faskara masa itace kowace safiya.