Fenti goma sha ɗaya na Baba Nomau

Ku da kuka san Baba Nomau, ƙanen mahaifina, kun san duk bayan shekara biyu ko uku, da an gama ɗaurin gero zai fito da a-kori-kurarsa gindin bedi, da gwangwanin fentin ƙofa da buroshin da ya ci rabin gashinsa. Ba wanki, ba kankara, bisa ƙura da kashin kaji zai hau shafawa yana waƙa.

Ni kuwa fentin mota ne sana'ata a Tasawa. Shekara bakwai na yi ina koyo, kuma wallahi mutumin nan ya kusa kashe mini kasuwa. Duk wanda ya tsaya kallon motar sai Baba ya daki bonet ya ce, "Ai ɗana mai fenti ne a Tasawa!" Bai taɓa ƙarawa da cewa ba ni na yi ba. Wani alhaji ya zo garejinmu da motarsa, yana jin ɗan wane ne ni ya juya ko kashe inji bai yi ba.

Na same shi na ce, "Baba, don Allah fentin ƙofa na ƙofa ne. Bari in kankare ta har ƙarfe, in cike ramukan da mastik, in fesa na mota."

"Ita motar ba ƙofa gare ta ba? Har biyu!"

Wata shekara ya shafa shuɗi ana sheƙar gero a bayan danga. Ƙaiƙayi ya bi iska ya manne, motar ta fito kamar an barbaɗa mata garin ƙuli. Na ce, "To ga abin da nake faɗi." Ya shafa da tafin hannu ya ce, "Madalla, yanzu buhu ba ya zamewa."

Kuma ba ya jira ya bushe! Washegari kasuwar Gidan Amumune, ya ɗebi fasinja. Jauro Bello, Bafillacen nan mai sayar da shanu, ya sauka da farar rigarsa ta koma shuɗiya daga baya, ya taso yana huci.

"Nomau, dubi abin da ka yi mini!"

"Haba Jauro, rini kyauta, kuma kai ne da faɗa?"

Jauro ya zo har Tasawa ya nuna mini rigar. Ni ya zaga, jama'a, ni da ban taɓa gwangwanin ba!

Ran da na matsa masa ƙwarai, har na zo da takardar gogewa a aljihu, sai ya riƙe mini hannu, babu dariya a fuskarsa. Ya ce, "Sanusi, ina raye ba mai kankare ta." Na yi fushi, wata uku ban taka gidansa a Mayahi ba. Wannan fushin yana damuna har yau.

Da ya rasu bara, motar ta zo hannuna. Na ce yau zan wanke sunana, kowa ya ga aikin gaske. Na fara daga ƙofar direba. Ja, rawaya, shuɗin nan mai ƙaiƙayi, ina gogewa ina ƙirgawa ina mita, har goma sha ɗaya. Can ƙasa sai ga kore, mai santsi, aikin mai haƙuri, da ɗan rubutu da farin fenti: "Nomau, ka bi a hankali. Yayanka Idi."

Idi babana ne. Ina goye ya rasu, ban san ko ya iya riƙe buroshi ba. Na ajiye takardar gogewar, na zauna ƙasa kusa da taya.

Ban ƙara kankarar ko'ina ba. Gurin na bar shi a buɗe, sauran kuma da kaka zan shafa mata fentin ƙofa, duk mai dariya ya yi.

Allah Ya jiƙan Baba Nomau, Ya rufe kurakuransa yadda ya rufe aikin hannun ɗan'uwansa shekara da shekaru, Ya haɗa su a inuwa guda. Ni ma Ya yafe mini wata ukun nan.